Shirun da Akawu Ya Saya

Mutumin da ya toshe kunnensa, aka kira shi bai ji ba, har mai kiran ya mutu, me ake ce wa laifinsa? Mai Sawu ya shekara talatin yana bin sawun ɓarayi da ɓatattun dabbobi, bai samu amsar wannan tambaya ba, kuma ba a sa ran zai samu. Abin da aka sani dai shi ne, ran Talata bayan azahar aka tarar da wani tsoho a ƙasan matakalar wani gidan haya mai bene, wuyansa a karye, keken guragunsa a kife a kansa. Mai jinyarsa, wadda kowa ke kira Goggo, tana tsaye a kansa, hannuwanta a kan bakinta.

Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da ita. Washegari Hajiya mai gidan ta aika a kira Mai Sawu.

Ya zo a ƙafa, a hankali, kamar wanda aka biya don ya makara. Tun da ya bar daji gadin wani sito yake yi, kuma tun rasuwar matarsa bai cika magana ba. Ya tarar da mutanen layin sun yi cincirindo a ƙofar gida, kowa ya riga ya yanke hukunci.

"Ita ce mana," in ji wata maƙwabciya. "Da kunnena na ji ta da safe tana ce masa, 'Tsoho, wata rana sai na gangara da kai benen nan mu huta.'"

"Kullum take faɗa," in ji Hajiya. "Shi ma dariya yake yi da rabin bakinsa."

"To, jiya dariyar ta ƙare."

Hajiya ta ja Mai Sawu gefe. "Baba, Sajan ya ce gobe da safe za su kai ta kotu. Shekara uku matar nan tana wanke masa kashi da fitsari. Idan ita ce, to, Allah ya isa. Idan ba ita ba ce, ka san wanda aka kai kotu da zargin kisa, ko an sake shi, ya riga ya mutu a unguwa."

"Wa ke zaune da marigayin?"

"Ɗansa, Akawu. Yana sama, ya ƙi saukowa tun jiya. Ko ta'aziyya a sama yake karɓa, ta bakin ƙofa."

A ƙasan benen akwai shagon niƙa. Injin yana kashe tun jiya, saboda rasuwa. Mai Inji na zaune a kan buhu, gashin girarsa fari fat da gari. Shi ne mutum na biyu da layin ke nunawa da baki, domin ba a ga maciji tsakaninsa da tsohon.

"An ce ba ku shiri," in ji Mai Sawu.

"Shiri? Baba, mutumin da ke kwararo mini ruwan wanke baki ta taga? Sau biyu yana jiƙa mini garin mutane. Wai injina ne ya ba shi hawan jini. Na ce masa ai hawan jininka ya girmi injina."

"Jiya ka hau sama?"

"In bar inji yana aiki in hau? Daga sha biyu zuwa uku ban ɗaga ba. Mata huɗu ne a layi, ka tambaye su, har ɗaya ta zage ni."

"Ka ji faɗuwarsa?"

"In inji na tafiya, ko gidan nan ya rushe sai na ga ƙura zan sani."

Mai Sawu ya duba ƙafafunsa. Silifas ne na roba, duga-dugansu sun cinye ta gefe ɗaya. Ya riƙe wannan a ransa, ya nufi matakala.

Matakalar ba ta da sauran labari, ƙafafu ɗari sun tattake ta. Amma da ya kai sama, ya ƙwanƙwasa, aka buɗe masa, sai ya tsaya cik a bakin ƙofa. Garin niƙa yana shigowa ta tagar baranda, yana sauka a kan siminti siriri kamar hoda. Goggo ta share da safiyar jiya, injin kuma ya tsaya da la'asar. Duk abin da ya motsa a barandar nan tsakanin lokutan biyu ya bar sa hannunsa.

Akawu dogo ne, ramamme, da tabarau. A wuyansa yana rataye da hedifon, irin babban nan mai rufe kunnuwa ruf. Aikinsa sauraron hirarrakin da aka naɗa ne, yana rubuta su a kwamfuta, kalma bayan kalma. Idanunsa a bushe suke, ba ja ba kumburi.

"Sannu da haƙuri," in ji Mai Sawu.

"Yauwa."

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"A ɗakina, ina aiki. Na gaya wa Sajan. Ban ji komai ba." Ya taɓa abin da ke wuyansa. "Irin mai kashe hayaniya ne. In ka danna nan, injin ƙasa sai ya ɓace, kamar an rufe ka a cikin rijiya. Sai muryar mai magana kaɗai, tas, har haɗiyar yawunsa kana ji. Gwada ka gani, Baba."

"A'a. Ka bar mini kunnena yadda yake."

"Ba ya ciwo. Da can yana danne mini ƙafar tabarau, bayan awa biyu sai kaina ya ɗauki zafi. Yanzu na canza masa soso, sai in yini da shi ban san yana nan ba."

Ya faɗi haka a natse, kamar mai talla, a gidan da aka fitar da gawar ubansa jiya. Mai Sawu bai ga laifinsa ba. Ya san irin wannan sanyin. Mutum yakan kama zancen da ba ya ciwo ya riƙe.

"Goggo tana hannun 'yan sanda. Ba za ka je ka ce musu wani abu a kanta ba?"

"Me zan ce? Ban gani ba, ban ji ba." Ya kalli ƙofar matakala, ya kawar da kai. "Ba zan sauka ta nan ba, Baba. Ko wuta ce ta kama gidan."

Mai Sawu ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa, ya kwantar da kumatunsa kusa da siminti, inda haske ke zuwa a kaikaice. Takalman 'yan sanda sun bi ta tsakiya. A gefen bango kuwa labarin yana nan lafiya. Tayoyi biyu sun fito daga ɗakin tsohon. Ba su miƙe ba. Sai su karkata hagu, a ga shaidar tafin ƙafa ɗaya ya doki ƙasa, su dawo, su sake karkata. Keken da ake turawa miƙewa yake yi, da sawun mai turi a bayansa. Wannan babu kowa a bayansa. Mutum ne mai hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ya ja kansa. Babu silifas mai cinyayyen dunduniya, babu takalmin mace sai wanda ya fita.

Sawun bai nufi matakala kai tsaye ba. Ya fara zuwa ƙarshen baranda, inda ɗakin Akawu yake. A nan akwai ɗan dakali, tsayinsa bai wuce faɗin tafin hannu ba, sannan taku uku zuwa ƙofar. Tayoyin sun doki dakalin, sun ja baya, sun sake doka. Mai Sawu ya ƙirga sau bakwai. Daga nan keken ya juya, a wahale, ya nufi bakin matakala.

"Babanka yana iya ɗaga murya?"

"Tun da jikinsa ya shanye, sai raɗa."

"To, in yana son ka, yaya yake yi?"

Akawu ya gyara tabarau. "Yana da ƙararrawa."

A ofishin 'yan sanda Sajan ya ba Mai Sawu minti biyar. Goggo tana zaune a kan benci, ba ta kuka, ta naɗe hannuwa a cinya kamar mai jiran mota.

"Ƙarfe ɗaya nake fita, in dawo huɗu," in ji ta. "Jiya na dawo da wuri, na manta takardar maganin da zan saya masa. Na shigo na same shi."

"Ke kika bar ƙofar bene a buɗe?"

"Shi ke so. Wai yana jin ƙafafun mutane. In na rufe sai ya yi fushi."

"Kin ce za ki gangara da shi."

Ta ɗan murmusa. "Shi kuma ya ce zai aure ni in ya warke. Baba, da wannan muke kashe rana."

"Ƙararrawar fa?"

"Tana ɗaure a hannun kekensa. In ina nan ba ya buƙatarta. In na fita, ita ce bakinsa. Kuma baki ne mai surutu, Allah ya jiƙansa. Ruwa, ƙararrawa. Ƙuda, ƙararrawa. Wani lokaci ba komai, so yake kawai ya ga an zo. Kwanan nan in na dawo sai in tarar yana huci, yana nuna mini ita. In kaɗa, ta yi ƙara lafiya lau. Na ɗauka rigimar tsufa ce."

Sajan ya leƙo. "Baba, sawun taya ba ya magana a kotu. Ka kawo mini mutum mai baki, ko kuwa gobe ta tafi."

Ƙararrawar tana wurin Hajiya. Ita ta tsince ta a ƙarƙashin matakala jiya, igiyarta a tsinke, ta jefa a aljihun tebur.

"Faɗuwar ta kashe ta," in ji ta. "Ba ta ƙara. Ko da yake, ka ga, na yi kwana biyar ban ji ta da rana ba. Har na ce ko tsoho ya samu sauƙi."

'Yar ƙararrawar tagulla ce, irin ta makaranta, ƙarama. Mai Sawu ya girgiza ta. Shiru. Ya juya ta, ya leƙa cikinta. An cusa wani baƙin soso ya kewaye harshenta, an danna shi sosai. Ya zaro gefensa da farce. Soson lanƙwasasshe ne kamar rabin awarwaro, da ɓarɓashin baƙar fata manne a jikinsa. Ya mayar da shi yadda yake, ya sa ƙararrawar a aljihu.

Shagon mai gyaran waya yana bakin titi. Mai gyara ya duba ɓarɓashin da Mai Sawu ya shafo a yatsa, ya yi dariya.

"Soson hedifon ne, Baba. In ya tsufa haka yake zuba, ya ɓata wa mutum wuyan riga. Za ka saya ne? Da shekarunka?"

"Ka canza wa wani kwanan nan?"

"Akawu, satin da ya wuce. Na sa masa mai laushi. Tsohon ma ya ce in ba shi abinsa, na ce me za ka yi da shara?"

"Abin nan, da gaske yana kashe kowace ƙara?"

"Ina! Masu talla ne ke faɗa. Abin da yake ci shi ne gurnani, ƙarar da ba ta canzawa, inji, janareto, fanka. Amma ƙara mai kaifi, kukan jariri, cokali a kan faranti, tana ratsawa. Har ma ta fi fitowa, tun da an share mata hanya. Shi ma Akawun ya tambaye ni ko akwai wanda ke kashe irin wannan. Na ce masa wanda ya ƙera shi bai zo duniya ba tukuna."

Mai Sawu ya fito ya tsaya a rana. Bai ji daɗin da yake ji a da ba in sawu ya kai shi bakin rami. Ya tuna shekarar ƙarshe ta matarsa, yadda yakan ɗauki rediyo ya fita ƙofar gida, ya manna shi a kunne, ya ƙara murya. Ba labarai yake saurara ba. Ta rasu a asibiti, a hannun likitoci, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai. Ya taɓa aljihunsa, ya koma.

Tun da Akawu ba zai sauko ba, sai aka hau masa. Da la'asar Sajan ya zo da Goggo. Hajiya ta hau tana nishi, Mai Inji yana bayanta. Suka tsaya a baranda, jikin bango, inda Mai Sawu ya nuna musu.

Ya bi da su sawun a hankali, karkata bayan karkata, har zuwa dakalin.

"Ba wanda ya tura shi," in ji shi. "Da kansa ya zo nan, sau bakwai yana neman hawa. Da ya kasa, ya tafi bakin matakala, ko zai ga wani a ƙasa ya yafuto shi. Hannu ɗaya ba ya tsayar da keke a bakin gangara."

"To, hatsari ne," in ji Sajan. "Amma wannan zancenka ne. Mutum mai ƙararrawa me zai sa ya ja jiki? Lauya zai ce ita ta ƙwace ta ta jefar."

"Mai Inji, sauka ka tayar."

"Baba, ana zaman makoki."

"Minti biyu."

Injin ya tashi, bene ya ɗauki rawa. Mai Sawu ya miƙa wa Akawu hannu. Akawu ya dube shi, sannan ya cire hedifon daga wuyansa ya ba shi. Mai Sawu ya ɗora wa Sajan a kai, Akawu da kansa ya nuna inda ake dannawa. Fuskar Sajan ta saki.

"Kai!" ya faɗa da ƙarfi, kamar kurma. "Injin ya mutu ne? Wallahi kamar an ɗauke mini dutse daga ka."

Mai Sawu ya shiga ɗakin tsohon, ya kaɗa ƙararrawar. Sajan bai motsa ba. Ba wanda ya motsa. Sai ya fito bakin ƙofa inda kowa ke ganinsa, ya sa yatsa ya zaro baƙin soson, ya ɗaga shi sama, ya koma ciki ya sake kaɗawa.

Sajan ya zabura, ya waiga.

Aka aika a kashe injin, ya tsaya. Mai Sawu ya ajiye soson a tafin hannun Akawu.

Goggo ce ta fara magana. "Ɗan nan," ta ce a hankali, "shi ya sa yake nuna mini ita."

Akawu ya daɗe yana kallon soson. Da ya buɗe baki, muryarsa ba ta rawa.

"Ƙarfe ɗaya nake sawa, in cire kafin huɗu. Kwana biyar. Shekara uku, Baba. Sau arba'in a yini. In na zo sai ya kalle ni kawai. Na sayi abin nan don in samu awa uku, ya kashe inji, ya kashe titi, ya bar mini ita kaɗai a tsakiyar kaina. Ko ba ya kaɗawa ina jin ta. Yana kallona lokacin da nake cusawa. Ya riƙe mini hannun riga, na zame." Ya ɗaga kai. "Jiya na rubuta shafi goma sha ɗaya. Ban taɓa jin sauti mai kyau irin na jiya ba."

Hajiya ta zauna a ƙasa, a kan garin, ba ta kula ba.

"Me yake so jiya?" in ji Mai Inji, wanda ya dawo sama yana haki.

Ba wanda ya sani. Mai Sawu ya duba ɗakin tun da safe: kofin ruwa a cike, magani a wurinsa, shimfiɗa a bushe. Sawu yana faɗin inda mutum ya je, ba ya faɗin abin da ya kai shi.

Sajan ya cire hedifon, ya riƙe shi nesa da jikinsa. "Ni ban san sunan wannan a littafinmu ba," in ji shi. "Ko sakaci, ko wani abu, manya za su duba. Amma ba zan iya sakin matar nan da bakin mai bin sawu ba. Sai ka zo ofis ka faɗa da bakinka, ka sa hannu. In ka ƙi, ba ni da abin da zan ja ka da shi yau. Soso ne kawai."

Akawu ya kalli ƙofar matakala. Ya kalli Goggo.

"Ka ci abinci tun jiya?" ta tambaye shi.

Akawu ya juya ga Mai Sawu. "Baba, kai da ka ga irin waɗannan da yawa. Ni na kashe shi?"

Mai Sawu ya so ya ce a'a. Ya so ya ce i. Ya ji ƙarar wani tsohon rediyo a can cikin kunnensa.

"Ni sawu nake bi, ɗana," in ji shi. "Nan ya ƙare."

Sajan ya miƙa wa Akawu hedifon ɗinsa. Akawu bai karɓa ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙararrawar daga hannun Mai Sawu, ya riƙe ta ta guntun igiyarta, bai kama harshenta ba. Ya taka zuwa bakin matakala, ya tsaya daidai inda sawun tayoyin ya yanke. Mutanen layi suna ƙasa, sun ɗaga kai, sun yi tsit.

Ya sa ƙafa a matakin farko, ƙararrawar ta yi ƙara. Ya sa a na biyu, ta sake. Haka ya sauka, Goggo na bayansa, ƙararrawar na kira a kowane mataki, har ƙasa.